Yadda za a tara kuɗin masallaci a Tawa, a gama ginin, kuma a iya riƙe shi

Idan ka zaga sababbin unguwannin da ke gefen garin Tawa, da wuya ka rasa ganin masallacin da aka ɗaga har iyakar taga aka bari. Rodi ya yi tsatsa a kan ginshiƙai, damina uku ta wuce ta kansa, awaki na kwana a inda aka yi nufin liman ya tsaya. Duk sanda na ga irin wannan gini sai raina ya sosu, domin na san waɗanda suka soma shi ba marowata ba ne. Mutanen Adar ba su ƙyashin fidda dukiya saboda Allah, kuma kowa ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Usman ɗan Affan, cewa wanda ya gina wa Allah masallaci, Allah zai gina masa gida a Aljanna. A shekarun da na yi ina riƙe da kaye, wato littafin lissafin masallacin unguwarmu, abin da na ga yana tsaida aiki shi ne a soma babu ƙiyasi, a karɓi kuɗi babu rubutu, har zargi ya shigo, hannuwa su koma aljihu. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, ko masallaci ake ginawa, ko makarantar Islamiyya, ko rijiya, ko katangar maƙabarta.

Kafin a nemi ko dala

A fara zama a tambayi juna gaskiya: me unguwa ke buƙata? Wani lokaci sabon masallaci ake ɗoki, alhali wanda ake da shi rufi kawai yake nema da wurin alwala da makewayi. Wani lokaci kuma yara ɗari na karatu a rana, ajujuwa biyu sun fi hasumiya amfani. Wannan zama ya haɗa liman, mai unguwa, dattawa, samari, kuma a aika a ji ta bakin mata, don za a ga a gaba cewa su ne ginshiƙin tarin kuɗin.

Sai fili. Kada a zuba bulo ko ɗaya kafin takardar fili ta kammala. Idan wani bawan Allah ne ya ba da filin, a rubuta cewa ya ba da shi wakafi, a faɗi iyakokinsa gabas da yamma, kudu da arewa, ya sa hannu, shaidu su sa, kuma ƴaƴansa manya su sani tun yana raye. Daga nan a kai takardar ma'aikatar magajin gari a sauya sunan mai fili, a nemi izinin gini. A ƙauye a bi ta hannun hakimi da hukumar kula da filaye da ake kira Kofo. Na ga inda mai kyauta ya rasu, aka zo rabon gado, magada suka ce ba su san da zancen ba, ga gini ya kai rabi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, maganar baka ce aka binne tare da mai ita.

Wa zai riƙe me

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa mutum ɗaya komai saboda an yarda da shi: shi ke karɓa, shi ke ajiya, shi ke sayo siminti, shi ke rubutawa. Wannan zalunci ne a kansa, ko da ya fi kowa tsoron Allah, don ranar da jika biyar ta ɓace ba shi da mai wanke shi. A raba aikin. Shugaba ya jagoranci shawara, ma'aji ya riƙe kuɗi, magatakarda ya riƙe kaye, sannan a zaɓi mutum biyu da ba su cikin kwamiti su riƙa binciken lissafi duk wata uku. Wanda ke sayen kaya kada ya zama shi ne mai rubuta abin da aka kashe. A ganina liman ya nisanci riƙe kuɗi gaba ɗaya. Aikinsa ya kwaɗaitar da jama'a kuma ya sasanta idan an saɓa, to yaya zai sasanta rigimar da shi ake tuhuma a cikinta?

A nan akwai darasi wurin iyayenmu mata. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jihar Maradi a 1991, sun nuna cewa ana iya tara kuɗi shekara da shekaru ba rigima idan a gaban kowa ake buɗe akwati, a gaban kowa ake ƙirgawa. Mu ma akwatin sadakar masallaci a sa masa kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, kada a buɗe sai dukansu suna nan, a ƙirga bayan sallar Juma'a a cikin masallaci, a rubuta nan take.

Da zarar kuɗi sun wuce abin da za a kashe cikin sati, a kai su banki, da sunan masallaci ko ƙungiya, ba da sunan wani mutum ba, kuma a sharɗanta cewa ba a fidda kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana iya neman Bankin Musulunci na Nijar, ko ya buɗe asusun ajiya marar riba a wani banki. Buɗe asusu da sunan ƙungiya na buƙatar ta zama sananniya ga hukuma. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, kuma ma'aikatar cikin gida ke ba da izini. A je ofishin hukuma na gari a karɓi jerin takardun da ake nema, a soma da wuri don abin yana ɗaukar lokaci.

Ƙiyasi, da yanka aiki gunduwa-gunduwa

A kira magini ƙwararre ya auna fili, ya rubuta takardar ƙiyasi dalla-dalla: buhun siminti nawa, rodi nawa, yashi da tsakuwa mota nawa, kwanon rufi, ƙofofi, tagogi, wayar lantarki, ladan ma'aikata, har da ruwan gini, wanda a Tawa ba ƙaramin kuɗi yake ci ba idan a kura ake sayensa. A nemi ƙiyasin magina biyu ko uku a gwada. Wanda ya fi araha ba lalle ne ya fi gaskiya ba, wani yana rage farashi ne don ya kama aikin, in an yi nisa ya ce kaya sun ƙare. A kan jimillar a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda tashin farashi da abin da ba a hango ba. Ko da yake kamfanin siminti na Malbaza a jiharmu yake, farashin buhu na motsi, kuɗin mota ma haka.

Daga nan a yanka aikin mataki-mataki, kowane mataki da kuɗinsa: tushe, bango, rufi, daɓe da ƙofofi, wurin alwala, sannan ado a ƙarshe. Ƙa'idar da nake so kowane kwamiti ya riƙe ita ce kada a soma mataki sai kuɗinsa sun cika a hannu. Bangon da aka ɗaga ba kuɗin rufi, damina za ta ci rabinsa. Shi ya sa ya fi kyau a tara kuɗi daga kaka, a yi gini cikin rani, a tabbatar an rufe kafin ruwan farko na watan Yuni. Kuma a tsara ginin yadda za a iya sallah a ciki tun kafin a gama ado. Jama'ar da ta fara sallah a ƙarƙashin rufin da ta biya ba ta buƙatar dogon wa'azi kafin ta ba da kuɗin fenti.

Kada kuma a raina ginin ƙasa. Masallacin Juma'a na Yama, a nan jihar Tawa, an soma shi a 1962 a hannun magini Falke Barmu, da ƙasa da itace da ƙarfin mutanen gari, kowa ya kawo abin da yake iyawa, kuma a 1986 ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. A Dandaji ma an gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da ake matsewa a inji, aka mai da tsohon ɗakin karatu. Ginin ƙasa ya fi sanyi a watan Afrilu da Mayu, sai dai yana son yaɓe da kulawa. A auna wannan da aljihun unguwa kafin a ce lalle sai bulo da dakali irin na birni.

Kaye

A nan zan daɗe, don a nan ne yawancin amana ke lalacewa ba da niyyar kowa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, har ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Idan haka aka ce a kan dukiyar mutum biyu, ina ga dukiyar da ɗaruruwan mutane suka fitar saboda Allah?

A sayi kaye mai kauri, a sa wa shafukansa lamba tun daga farko don kada a yage ko ɗaya. Kowane shafi a ja layi biyar: kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Da biro ake rubutu. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe.

Ga wani tarko da ya taɓa kama mu. Mu da dala muke lissafi a baki, takarda kuwa da faranka take magana. Wata Juma'a wani dattijo ya miƙo kuɗi ya ce dala ɗari, yaron da ke taimaka mini ya rubuta 100. Dala ɗari kuwa faranka 500 ce. Haka ya yi ta yi har ƙasan shafi, wani wuri dala, wani wuri faranka, da muka zo haɗa lissafin wata sai kuɗin akwati suka fi na kaye yawa. Mun kwana biyu muna bi layi-layi. Da a ce kuɗin akwatin ne suka gaza na kaye, da sunan wani ya ɓaci a banza. Tun daga ranar muka rubuta a bangon kayen cewa duk adadi da faranka ake rubuta shi: dala ɗaya 5, dala ashirin 100, jika ɗaya 1.000. Idan an kawo naira daga wajen Ƙonni ko daga ƴan uwa da ke Sakkwato, a canza ta a ranar, a rubuta nawa aka kawo, nawa aka samu da sefa.

Duk wanda ya ba da kuɗi a hannu a yanka masa rasidi mai kwafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na kwamiti. Wanda ba ya son a san sunansa a rubuta "wani bawan Allah", amma adadin ya shiga. Duk abin da aka saya a karɓo takardar shago a liƙa. Mai kurar ruwa da mai amalanken yashi ba su da takarda, sai a rubuta musu su dangwala yatsa. Kayan da aka bayar ma, buhun siminti goma ko kwano bandir ɗaya, a ba su shafinsu daban, a riƙa rage abin da magini ya ɗauka kullum.

Sannan kada a zuba kuɗi duka a tukunya ɗaya. Kuɗin gini daban, kuɗin hidimar yau da kullum daban, kuɗin mabuƙata daban. Wanda ya ce ga wannan a sayi tabarmi, tabarmi za a saya, in buƙata ta sauya a koma a nemi izininsa. Zakka kuwa Allah da kansa ya faɗi masu cin ta, kashi takwas, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma abin da malaman mazhabar Malikiyya da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne ba a gina masallaci da ita. Idan attajiri ya kawo kuɗi cikin azumi a tambaye shi a fili: Alhaji, wannan zakka ce ko sadaka? In zakka ce ta tafi ga talakawa da miskinai na unguwa.

Ta ina kuɗin za su fito

Yawancin kwamitoci suna zaune suna jiran wani babban alhaji ko wata ƙungiya daga ƙasashen Larabawa. In sun zo, madalla. Amma aikin da ya dogara da mutum ɗaya yana tsayawa ranar da kasuwarsa ta girgiza. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Mu ɗauki misali: gida 150, kowane gida dala ɗari a sati, faranka 75.000 ke nan duk sati, a shekara 3.900.000. Ba wanda ya ji ciwo, kuma kowa na ganin masallacin nasa ne. A raba unguwa layi-layi, kowane layi da mai karɓa mutum biyu da ƙaramin kaye, ranar karɓa ɗaya ce ba ta sauyawa. Ga ƴan kasuwa, yammacin Lahadi bayan an tashi daga kasuwar Tawa ya fi dacewa. Gidan da ba shi da hali a wuce shi cikin mutunci, kada a kira sunan kowa a lasifika don bai biya ba.

Mata su samu masu karɓa mata, masu shiga gida-gida. Abin da ke fitowa daga kuɗin ƙuli-ƙuli da fura da adashi, in aka tara shi wata shida, yakan ba maza kunya. Kuma tunda sun sa kuɗinsu, a ware musu wurin sallah da na alwala mai kyau a cikin tsarin ginin tun farko.

Manoma a same su da kaka. Wanda ba zai iya ba da jika ba a watan Yuli zai ba da damin hatsi a watan Oktoba da farin ciki. A tara a rumbu mai makulli, a rubuta, a sayar lokacin da kwamiti ya ga dacewa. Masu albasa na wajen Galmi da Madawa lokacinsu daban ne, sai an kwashe albasa a rani. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da ƙarfinsa: a kira gayya ranar haƙa tushe ko zuba dakali, samari su ɗebo ruwa, masu amalanke su kawo yashi.

Sai ƴan bida. Adar kowa ya san ta da tafiya, da wuya ka samu gidan da ba shi da ɗa a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya, ko Kamaru. Suna son a tuna da su a aikin gida, abin da ke sa su ja baya shi ne su aiko kuɗi su ji shiru. A kowane gari a samu wakili ɗaya da su da kansu suka zaɓa. A buɗe zauren WhatsApp na aikin kawai, ban da gaishe-gaishe da tura wa'azi. Lambar da za a turo kuɗi ta Nita, ko Amana, ko Al Izza, ko Airtel Money ta zama guda ɗaya, sananniya, liman ya faɗe ta da bakinsa cikin saƙon murya, don ƴan damfara na amfani da hoton masallatai suna karɓar kuɗin mutane. Wanda ya turo, a tura masa hoton rasidinsa a ranar. Duk Juma'a a ɗauki hoton inda gini ya kai. Mutumin da ke tura baro a Abijan, in ya ga jikarsa biyar ta zama layin bulo, wata mai zuwa ba sai an roƙe shi ba.

Wajen manyan masu hali kuwa, kada a je da hannu biyu da "a taimaka". A je da takardar fili, da ƙiyasi, da kaye, a ce: Alhaji, jama'a sun kai gini ga linta da kuɗinsu, rufi ne ya rage, ga adadinsa. Mai dukiya ya fi sakin hannu in ya ga abu mai iyaka. In ya fi son ya sayo kayan da kansa, a bar shi. Abin da ba za a karɓa ba shi ne kyauta mai igiya, wadda za ta sa masallaci ya zama na wani mutum ko na wata jam'iyya. Kuɗi masu yawa daga waje kuma su biyo ta banki da takardar da ke nuna wanda ya aiko da dalilin aikowa.

Ban goyi bayan tura yara bakin titi da kwali da lasifika suna tare motoci ba. Haɗari ne gare su, kuma kuɗin da aka tara haka ba mai iya tabbatar da adadinsu.

Faɗa wa jama'a

Juma'ar farko ta kowane wata, bayan sallama, magatakarda ya miƙe minti uku: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga saura, ga aikin da ke gaba. A liƙa takardar a ƙofar masallaci da boko da ajami, a tura hotonta ga ƴan bida. Duk mai son ganin kaye a buɗe masa ba tare da ɓata fuska ba. Ɗan kwamiti kada ya karɓi "na goro" daga mai sayar da siminti ko magini. Lokacin da wani ma'aikacin zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. In an samu ragi wurin saye, ragin na masallaci ne. Haka kuma ba a ba kowa rance daga kuɗin gini, ko da ɗan kwamiti ne, ko da zai mayar gobe.

Bayan an buɗe masallaci

Ranar buɗewa ake shagali, washegari takardar kuɗin wuta ta Nigelec ta fara zuwa. Ga kuɗin ruwa, ga fanka da ta ƙone, ga batirin lasifika, ga butoci, ga mai shara, ga kwashe masai. Ga kuma liman da ladan da malaman Islamiyya, waɗanda muke barin su da "Allah ya saka" alhali suna da iyali. Tun ana gini a zauna a rubuta abin da masallaci zai ci kowane wata, a ninka sau 12, a san ta inda zai fito. Karo-karon sati kada a dakatar da shi don an gama gini, a rage shi kawai.

Hanya mafi ɗorewa ita ce wakafi, abin da littattafanmu na fiƙihu ke kira hubusi. Umar ɗan Haɗɗabi ya samu gona a Haibara, Annabi ya ba shi shawara ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta. Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. A yau Nijar na da babbar hukuma mai kula da wakafi, ana iya neman shawararta wajen rubuta takardu. A aikace, idan filin masallaci na bakin hanya, a fidda shago biyu ko uku a jikin katanga ta waje, a sa su cikin ƙiyasi tun farko. A ba da haya da yarjejeniya a rubuce, a kan farashin da ake haya a unguwar, ko da ɗan liman ne zai shiga, kuma a faɗi irin sana'ar da ba ta dace da jikin masallaci ba. Inda aka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, a bar alwala da sha kyauta, a sayar wa masu kura da rahusa, a ajiye wani kaso don ranar da famfo zai lalace.

Daga kuɗin haya a riƙa cire kashi ɗaya cikin goma kowane wata a ajiye don gyara, kada a taɓa shi don walima ko tarbar baƙi. Kowace shekara cikin watan Mayu mutum biyu su hau rufi da magini, su duba ƙusoshi da indararo da tsagar bango, a gyara kafin hadari ya taso. Kwamiti kuma a sa masa wa'adi, shekara biyu ko uku. Ranar miƙa aiki, tsohon ma'aji ya kawo kaye, da rasidai, da takardar banki ta wannan watan, da takardar fili, da makullai, a ƙirga abin da ke akwati a gaban masu bincike, tsoho da sabo su sa hannu a shafi ɗaya.